Kafin cocinku ya zaɓi manhajar gudanarwa

A coci da yawa, sunayen membobi suna littafin sakatare, lissafin baiko da zakka kuma yana hannun ma'aji. Ranar da ɗayansu ya yi tafiya, sai aiki ya tsaya. Manhajar gudanar da coci tana tara rajista, kuɗi da jadawalin masu hidima wuri guda.

Planning Center da Breeze suna da sauƙin amfani, amma na Amurka ne, da dala ake biyansu duk wata, kuma suna buƙatar intanet. ChurchCRM kyauta ce, sai dai dole a samu wanda zai ɗora ta a saba, ya riƙa ajiye kwafin bayanai.

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne: za a iya fitar da bayanan a fayil ɗin CSV? Idan ba za a iya ba, ranar da kuka kasa biya, rajistar shekaru ta maƙale a hannun kamfani. Sai kuma izini: shugaban mawaƙa ba ya buƙatar ganin zakkar kowa.

Ƙaramin coci kuwa, Google Sheets ma ya isa a fara.