Gadon Launi da Lafiyar Dabbobin Kiwo: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna saboda kyan fatarta. Tun zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da ita, mutanen Turai sun san ta da sunan fatar Maroko. Saboda haka makiyaya suna son jan bunsuru, amma waɗansu sukan dubi launi kaɗai su manta da lafiya. An rubuta wannan takarda domin Hakimai su san yadda launi ke bin jini, su gargaɗi talakawansu.

Yadda ake gadon launi

A shekarar 1866 wani malamin Kirista, Gregor Mendel, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani irin wake na Turai. Daga aikinsa aka gane cewa kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwaya mai rinjaye ce, ko ita kaɗai takan bayyana. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta fitowa sai ta zo daga iyaye duka biyu.

Masana sun ga wannan sarai a jikin wani ɗan ɓeran jeji na ƙasar Mongoliya, wanda aka kai Amurka a 1954 domin bincike, daga baya mutane suka shiga kiwonsa a gida don sha'awa. Launinsa na asali ruwan ƙasa ne, baƙi kuwa mai ɓuya ne. In aka haɗa biyu masu ruwan ƙasa, kowanne yana ɗauke da baƙi a ɓoye, kimanin ɗa 1 cikin 4 zai fito baƙi. Haka jan bunsuru da jar akuya kan haifi baƙin ɗa wani lokaci, ba lalle sai baƙon bunsuru ya shigo garke ba.

Inda launi ke tafe da cuta

A cikin ɓerayen nan akwai masu farin tabo. In aka haɗa mai tabo da mai tabo, kimanin 1 cikin 4 na 'ya'yan yakan karɓi ƙwayar tabon daga uba da uwa, ya mutu tun a ciki. Tumakin Karakul na tsakiyar Asiya ma haka: ɗan da ya gaji ruwan toka daga ɓangare biyu yakan mutu da ƙuruciya, gama tumbinsa ba ya aiki sosai. Farar kyanwa mai shuɗin ido kuma sau da yawa kurma ce.

Jan launin akuyarmu ba cuta ba ne. Haɗarin yana wajen neman launin da auren dangi, watau a bar bunsuru guda yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa don kada ja ya ɓace. Ta haka cututtuka masu ɓuya ke haɗuwa, 'ya'ya su fito ƙanana, marasa ƙwari, haihuwa ta ragu.

Abin da ake roƙon Hakimai

1. Su umurci dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a a riƙa musayar bunsuru da wani ƙauye. Cikin akuya wata 5 ne, 'yarta kuwa takan isa barbara kafin ta cika shekara, don haka kada bunsuru ya daɗe a garke guda.

2. A wajen zaɓe a fara duba ƙarfin jiki, da haƙora, da ƙafafu, da yawan nonon uwarsa, sa'an nan launi.

3. Bunsurun da ba a so ya yi barbara a kai wa malamin dabbobi ya dandaƙe shi, ya zama taure.

4. Malaman Hakimai su rubuta yawan ɓari da mutuwar 'yan awaki a lokacin rangadi, su aika wa ofishin dabbobi.

A tuna kuma, majemi ba ya sayen fata da daraja in ƙazuwa ko wuƙa ta ɓata ta, komai jan gashinta. Ana fatan za a karanta wannan takarda a majalisar kowane Hakimi.