Ma'anar Lambobin Kanel na Linux da Rassansa

Mafi yawan wayoyin shafa da ɗalibai da malamai ke riƙe da su a Gwarzo da Kabo, ko Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, da tsarin Android suke aiki. A can cikin Android ɗin kuma akwai wata manhaja da ba a ganinta, wadda ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Ita ke raba wa kowace manhaja lokacin aiki da wurin ajiya, ita ke magana da batir da kyamara da madannai. Turawa suna kiranta kanel, wato ƙwayar da ke cikin ɓawo, kamar ta gyaɗa. Kanel ɗin da ke cikin Android sunansa Linux. Duk wanda ya shiga saitin wayarsa, ya buɗe sashen bayanin waya, zai tarar da lambarsa, alal misali 4.14.186 ko 5.10.149. Waɗannan lambobi suna ɗauke da labarin shekarun manhajar, da kuma ko akwai mai kula da ita har yanzu.

Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta Linux a shekarar 1991. Ya bar rubutun a buɗe, ta yadda kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Fitowa ta 1.0 ta zo a watan Maris na 1994, ta 2.0 kuma a 1996. A wancan zamani akwai ƙa'ida mai sauƙi: idan lamba ta biyu tana rabuwa biyu daidai, kamar 2.0 da 2.2 da 2.4, to kanel ɗin ya nuna, na kowa da kowa ne. Idan kuwa ba ta rabuwa, kamar 2.1 da 2.3 da 2.5, to ɗanye ne, na masu gwaji. Illar wannan tsari ita ce jinkiri, domin kusan shekara uku aka yi tsakanin 2.4 (Janairun 2001) da 2.6 (Disambar 2003). Bayan 2.6 sai aka yi watsi da shi. Har yanzu ana samun tsofaffin littattafan kwamfuta masu koyar da wannan ƙa'ida, don haka ya kamata malamai su lura.

Tsarin da ya maye gurbinsa ya ta'allaƙa ne ga lokaci. Duk bayan mako tara ko goma sai a fitar da sabon kanel. A mako biyun farko Torvalds yana karɓar sababbin abubuwa daga ɗaruruwan masu rubuta manhaja. Daga nan sai a rufe ƙofa, a shiga fitar da na gwaji mako-mako, masu ɗauke da alamar rc1, rc2, har zuwa rc7 ko rc8, ba a karɓar komai sai gyara. Wannan shi ne gangar jikin itacen, wato babban layi.

Canjin lamba ta farko ba ya nufin an yi wani gagarumin sauyi. Daga 2.6.39 aka koma 3.0 a 2011, daga 3.19 aka koma 4.0 a 2015, daga 4.20 aka koma 5.0 a 2019, daga 5.19 kuma aka koma 6.0 a 2022. Torvalds da kansa ya sha faɗa cikin raha cewa idan ƙirgen ya kai wajen ashirin, yatsunsa na hannu da na ƙafa sun ƙare, shi ya sa yake komawa sifiri. A nan kuma akwai tarkon da ɗalibin lissafi kan faɗa: ɗigon da ke tsakanin lambobin ba ɗigon ɓangaren goma ba ne. A darasin lissafi 5.4 ya fi 5.10 yawa, amma a nan 5.10 shi ne na baya-bayan nan, domin 5.4 ya fito a 2019, shi kuwa 5.10 a ƙarshen 2020.

Lamba ta uku ita ce ta reshe, kuma ita ta fi shafar mai waya. Da zarar an fitar da kanel, a ce 6.1, Torvalds ya wuce gaba zuwa 6.2. Sai wasu masu kula, tun daga 2005, waɗanda Greg Kroah-Hartman ke kan gabansu, su ci gaba da rainon wancan a matsayin reshe: 6.1.1, 6.1.2, haka nan. Ba sa ƙara sabon abu, gyaran kurakurai kawai suke ɗaukowa, kuma sharaɗin shi ne sai gyaran ya fara shiga babban layi. Yawancin rassan ba sa wuce wata biyu ko uku. Amma a kowace shekara akan zaɓi guda ɗaya, galibi na ƙarshen shekara, a mai da shi reshe mai dogon zango. Irin su ne 4.14 da 4.19 da 5.4 da 5.10 da 5.15 da 6.1 da 6.6 da 6.12. Reshen 4.14 ya fito a Nuwambar 2017, aka kula da shi har Janairun 2024, inda ya tsaya a kan 4.14.336. A 2023 aka bayyana cewa za a rage alkawarin shekara shida zuwa biyu ga sababbin rassa, saboda aikin ya yi wa masu kula yawa, ko da yake akan ƙara wa'adi idan kamfanoni sun nuna buƙata.

Ke nan girman lamba kaɗai ba ya nuna lafiyar kanel. An daina kula da 6.2 a watan Mayun 2023, wata uku kacal bayan fitowarsa, alhali 4.19 na 2018 ya ci gaba da samun gyara har Disambar 2024. Manomi ya san haka: tsohon mangwaron da ake yi wa ban ruwa ya fi dashen bana da aka manta da shi.

Matsalar ita ce gyaran yana da doguwar tafiya kafin ya iso aljihun mutum. Google yakan ɗauki reshe mai dogon zango ya yi masa ƙari, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya kamar MediaTek da Qualcomm da Unisoc su yi nasu, sannan kamfanin wayar ya yi nasa. Idan ɗaya daga cikinsu ya daina turo sabuntawa, lambar ta tsaya cik. Wayar da ke nuna 4.14.186 ta rasa zubin gyara 150 na reshenta, sai dai abin da kamfanin ya tsinto ya liƙa da kansa. A watan Oktoban 2016 an gano wata kafa da aka yi wa laƙabi da Dirty COW, wadda ta shekara tara a ɓoye, tana bai wa muguwar manhaja damar mallake na'ura baki ɗaya. Rassan da ake kula da su sun sami gyara cikin kwanaki, amma wayoyin da aka daina sabuntawa sun ci gaba da zama a buɗe. Ga wanda ke aika kuɗi ta waya daga kasuwar Gwarzo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Domin rage wannan giɓi, tun daga Android 12 na 2021 Google ya buƙaci sababbin wayoyi masu kanel 5.10 zuwa sama su yi amfani da kanel na bai-ɗaya, kamfanoni su ajiye ƙarinsu a gefe.

Mai niyyar sayen waya a Farm Centre ta Kano, musamman wadda aka taɓa amfani da ita, sai ya duba abu biyu a sashen bayanin waya: reshen kanel, da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe, wanda ya fi lambar kanel saukin fahimta. A ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa, inda aka ɗora Ubuntu ko Debian, umarnin uname -r zai fito da lambar. Ubuntu 22.04 ya zo da 5.15, Debian 12 da 6.1. Abin da ya biyo bayan ɗan layin tsakiya, kamar a 5.15.0-91, ƙirgen gyaran masu Ubuntu ne na kansu, shi ya sa lamba ta uku take zama sifiri ko da na'urar tana samun sabuntawa.