YAKUWA: KADA MANOMI YA RAINA TA

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan yakuwa, 'yar'uwar rama da kuɓewa da auduga. A da, a gefen gona ake yafa ta don mata su sami ganyen miya. Yau kuwa ta zama amfanin sayarwa sosai.

Ba abin yarwa a jikinta. Ganyenta na miya da fate, 'ya'yanta watau gurguzu su ake yin daddawar batso da su, bawon kararta kuma ana tufka igiya. Amma kuɗin yana ga jan ɓawon nan da ke rufe da ƙwallon, watau soborodo ko zoɓo. Mutanen Sudan suna ce masa karkade, na Sanagal bisap. Fatake suna sayensa a Jigawa da Kano da Katsina, musamman kasuwar Maigatari, ana kai shi har ƙasar Meksiko, inda suke jiƙa shi su sha kamar mu.

Yakuwa tana son ƙasar jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya, kuma tana jure fari. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a sani: ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba ko Oktoba. Saboda haka wanda ya yi lattin shuka, tasa za ta yi fure tana ƙarama, amfanin ya yi kaɗan. A shuka da zarar damina ta kankama, ƙwaya biyu ko uku a rami.

To, wajen shanya da ajiya nan ake yin hasara. Wajen shekarar 2018 an ga abin da sakaci ke jawowa: aka sami ƙwaron rumbu cikin zoɓon Nijeriya da aka kai Meksiko, ciniki ya tsaya 'yan shekaru, kuɗinsa ya faɗi, manoma suka ji a jikinsu.

Don haka in an tsinko, a ɓare ƙwallon da wuri, a shanya bisa tabarma, kada a zuba a ƙasa yashi ya shiga. Kada a ɗura a buhu sai ya bushe ƙayau. A sami buhu mai tsabta, a ɗora bisa katako, nesa da tsohon hatsi. Ɗan kasuwa kuma ya guji yayyafa ruwa don ƙara nauyi, gama buhu ɗaya mai fumfuna yakan ɓata sunan kasuwa duka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.