Ƙawance a Tseren Motoci

Ɗalibai, kun san karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka abin yake a gasar tseren motoci ta NASCAR a ƙasar Amurka. Ƙera motar tsere yana cin kuɗi sosai. Saboda haka ƙananan ƙungiyoyi sukan ƙulla ƙawance da manya. Ƙaramar ƙungiya takan biya kuɗi, babbar kuma ta ba ta gangar jikin mota, ko inji, da sakamakon gwaje-gwajenta. Ita ma babbar tana ƙaruwa da kuɗin da kuma bayanan da ƙaramar ke kawowa daga fagen tsere.

Ku dubi Furniture Row Racing, wata ƙaramar ƙungiya a birnin Denver. A shekarar 2016 ta haɗa kai da Joe Gibbs Racing. A 2017 direbanta, Martin Truex Jr., ya zama zakara, ya doke har direbobin babbar ƙungiyar. Amma kuɗin ƙawancen ya ƙaru, wani kamfani mai ɗaukar nauyinta kuma ya janye. A ƙarshen 2018 ƙungiyar ta rufe. Kun ga ke nan, kayan aro ba ya rufe katara.