Indomie a gida: yadda ake mai da ita cikakken abinci, da dalilin hana kare ragowarta

Taliya mai saurin dahuwa ta zama abincin ɗalibai, gwagware da yara a biranen Nijar. Sai dai ita kaɗai ba ta ba jiki abin da yake buƙata, kuma gishirinta ya yi yawa. Kayan miyan da ake samu a kowace kasuwa sun isa a gyara ta. Amma albasar da ke ƙara mata daɗi guba ce ga karen gida, wanda shi ake zuba wa abin da ya rage a kwano.

Daga Yamai zuwa Damagaram, da wuya a ga teburin mai shayi da babu kwalin Indomie a gefensa. Ƴan kabu-kabu da leburori na cin ta da dare, ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni da André Salifou na dafa ta a ɗakunansu, uwaye mata kuma na ɗora ta da safe kafin yara su tafi lakwal. Dalilin a fili yake: minti uku sun isa ta nuna, ba ta cin gawayi ko gaz, kuma ana iya sayen leda ɗaya tak a kowane shago.

Daga Japan zuwa Ɗan Isa

Wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro irin wannan taliya a ƙasar Japan cikin shekarar 1958. Ita kuwa Indomie, wadda sunanta ya zama na kowace taliyar leda a ƙasar Hausa ko da wani kamfani ne ya yi ta, a Indonesiya aka fara yin ta a farkon shekarun 1970. Ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka gina mata masana'anta a garin Ota na jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna. Daga can take ƙetarowa zuwa kasuwannin Nijar, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni.

Sanin yadda ake yin ta na taimakawa wajen fahimtar amfaninta da illarta. Ana kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, inji ya yanka kwaɓin siri-siri, a turara shi, sannan a tsoma shi cikin mai mai zafi na minti ɗaya zuwa biyu. Suyar tana korar ruwan da ke ciki, ta bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ta waɗannan ramuka ne ruwan zafi ke ratsa taliyar nan da nan a tukunya. Ke nan abin da ke cikin leda dafaffe ne tun daga masana'anta, jiƙa shi kawai ake yi. Jita-jitar da ke yawo a WhatsApp cewa ana shafa mata kaki ko roba ba ta da tushe: ƙyallin da ake gani a saman ruwa man suya ne.

Abin da ta rasa da abin da ya yi mata yawa

Ƙaramar leda mai garam 70 fulawa ce da mai. Tana ba da ƙarfi, tana kashe yunwa na ɗan lokaci, amma abin gina jiki da ke cikinta kaɗan ne, haka ma bitamin da ɓawon hatsi mai taimaka wa hanji. Shi ya sa wanda ya ci ta zalla yake jin yunwa bayan awa biyu. Yaron da ta zame masa kalacin kowace rana zai iya ƙoshi ba tare da ya samu abin da jikinsa ke buƙata don girma ba.

Babbar matsalar tana cikin ɗan ƙunshin magin da ke zuwa tare da ita. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, na ba da shawarar kada babba ya wuce garam 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, idan an haɗa duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Yara kuwa ƙasa da haka suke buƙata. Leda ɗaya da aka juye mata maginta duka tana iya kai wa kusan rabin wannan adadi, wata ma ta wuce. Mutane da yawa kuma leda biyu suke ci a zama ɗaya, wasu har su ƙara dunƙulen magi, wanda shi ma kusan rabinsa gishiri ne. Yawan gishiri na daga cikin manyan dalilan hawan jini, shi kuma hawan jini ke kai ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da na zuciya.

Mai son sanin gaskiyar abin da ya saya zai iya duba bayan leda. Inda aka rubuta «sodium», sai a ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne yawan gishirin. Misali, miligaram 1.000 na sodium daidai yake da garam biyu da rabi na gishiri. A kuma lura ko lissafin na leda ɗaya ne ko na garam 100.

Hanyoyi uku na gyara ta

Ƙa'idar ba ta da wuya: rabin ƙunshin magi, wani abu mai gina jiki, da ganye ko kayan lambu da yawansu ya kai na taliyar a cikin kwano.

Ta farko ita ce da zogale da ƙwai. A soya rabin albasa da tumatir ɗaya a cikin cokali ɗaya na man gyaɗa, a zuba ruwa kofi ɗaya da rabi. Idan ya tafasa sai a sa taliyar da tafin hannu biyu na dafaffen zogale da rabin magin. Bayan minti biyu a fasa ƙwai a kai, a rufe har farinsa da gwaiduwarsa su daskare. Ƙwai ɗaya na ƙara kimanin garam 6 na abin gina jiki. Inda babu zogale, alayyahu ko ganyen wake na maye gurbinsa.

Ta biyu da wake ce, kuma ita ta fi araha ga gida mai yara da yawa. A ajiye ludayi biyu na dafaffen wake daga girkin rana, a yanka shu da karoti ƙanana, a dafa su minti biyar kafin a sa taliyar, tunda sun fi ta daɗewa a wuta. Alkama da wake na cike wa juna giɓi wajen gina jiki, kamar yadda shinkafa da wake suke yi. Da wannan haɗi leda biyu na iya ciyar da yara uku, su kuma daɗe ba su ji yunwa ba.

Ta uku ita ce wadda ba a sa magin ko kaɗan. A daka daddawa da tafarnuwa da citta da ɗan garin tattasai irin na Diffa, a soya su da albasa, a zuba ruwa, a sa gutsuren kifi banda. Daddawa da kifi na ba da ɗanɗanon da ake nema a wurin magi. Idan an sauke sai a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli ko a yanka awara a kai. Mai amfani da sardin na gwangwani ko soyayyar fara ya tuna cewa suna ɗauke da nasu gishirin, don haka ba sa buƙatar ƙari.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba tare da firigo ba, balle a zafin watan Afrilu da Mayu, kuma taliya mai ƙwai ta fi saurin lalacewa. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba kuwa, ba a ba shi abinci mai ƙarin gishiri, saboda ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba.

Ragowar kwano da karen gida

A gidaje da gonaki da rugage da yawa akwai kare, na gadi ko na farauta ko na bin garke. Nijar ma na da nata irin da ya yi suna a duniya, dogon kare siriri da aka sa wa sunan kwarin Azawak na arewacin jihar Tawa, wanda makiyaya suka daɗe suna ciyarwa da gero da nono, irin cimarsu. A birni kuwa, abin da aka saba shi ne a zuba wa kare duk abin da ya rage. Idan Indomie ce ta rage, wannan ɗabi'a na iya kashe shi.

Albasa da tafarnuwa na ɗauke da sinadarai masu fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanyu ne, ko dafaffu, ko gari. Albasar Galmi da ake alfahari da ita ba ta fita daga ciki ba. Likitocin dabbobi na ƙiyasta cewa albasar da ta kai kashi ɗaya cikin 200 na nauyin kare ta isa ta cutar da shi. Ga kare mai kilo 20, garam 100 ke nan, wato albasa ɗaya matsakaiciya. Ƴar kaɗan da ake ba shi kullum ma tana taruwa ta yi ɓarna. Alamomin ba sa fitowa a ranar: sai bayan kwana biyu ko fiye kare zai yi laushi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko ruwan ƙasa, ya riƙa haki. Wanda ya ga haka ya garzaya wurin likitan dabbobi. Ƙunshin magin kansa galibi yana da garin albasa da tafarnuwa da barkono, ban da gishirin.

Sauran abubuwan da ba a ba kare sun haɗa da goro, ganyen shayi, kafe da cakulan, domin sinadarin da ke wartsakar da mutum a cikinsu yana rikita bugun zuciyar kare. Inabi, ɗanye ko busasshe, na iya lalata masa ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya huda hanji. Kilishi da tsire kuwa sun sha yaji da gishiri da albasa.

Ƴar kyautar kare da ake yi a gida

Mafarauta da masu horar da karen gadi na buƙatar ɗan abin da za su ba shi idan ya yi daidai. Ba sai an sayi na kanti mai tsada ba. Mafi sauƙi shi ne dankali: a wanke shi, a yanka shi fale-fale, a tafasa minti biyar, a shanya a rana a ƙarƙashin gidan sauro har ya bushe ya yi tauri.

Ana kuma yin biskit da kofi biyu na garin gero, kofi ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka dama, da ƙwai ɗaya. A kwaɓa ba gishiri ba sukari, a murza ya yi faɗi, a yanka ƙanana kamar kan babban yatsa, a gasa a busasshen kasko da wuta kaɗan, ana juyawa har su yi ƙarfi. Idan sun huce sun bushe sarai, suna yin kamar mako ɗaya a cikin gwangwani mai murfi. Za a iya ƙara cokali ɗaya na tunkuza marar gishiri, da sharaɗin gyaɗar ba ta yi fumfuna ba, domin gubar fumfunar gyaɗa da masara tana lalata hantar kare da sauri.

Hanta da huhu su ne kare ya fi so, kuma a nan ne lafiyar mutanen gida ta shigo. Wani lokaci ana ganin ƴan jakunkunan ruwa a hanta ko huhun tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi. Ƴaƴan wata tsutsa ce ke ciki. Idan kare ya ci su ɗanye, tsutsar na girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita da kashinsa, su kai ga mutum ta hannu, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba. A jikin mutum jakar na girma shekara da shekaru a hanta ko huhu, sau da yawa sai da tiyata ake cire ta. Saboda haka, a mahauta ko ranar layya, kayan cikin da aka ga suna da irin wannan jaka a ƙone su ko a binne su da zurfi. Masu kyau kuma a dafa su sosai a ruwa zalla, a yanka siri-siri, a shanya. Hanta kaɗan ake bayarwa, don yawanta na sa zawo.

Duk waɗannan ƙari ne, ba su ne abincin ba. Likitocin dabbobi na cewa kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini. Sauran ya zama tuwo ko shinkafa marar miya, da dafaffen nama ko kifi da aka cire wa ƙaya, da ruwa mai tsabta a inuwa.

Mai girki na iya sauƙaƙa wa kansa aikin biyu a tukunya ɗaya. Idan an dafa ƙwai, wake, kabewa ko nama don haɗa taliyar, a cire rabon kare tun kafin albasa da magi su shiga. Rabin ƙunshin magin da ya rage kuma a ɗaure bakinsa a ajiye, ya isa girkin gobe.