Ko Kun Sani? Tabarmar Kaba Daga Goriba Take

Ko kun san cewa kabar da ake saƙa tabarma, faifai, mafici da malafa ganyen goriba ce tun tana ƙarama? Muddin ana yankan ganyen kowace shekara, ba za ta miƙe ta zama itaciya ba, sai ta tsaya tsugune kamar ciyawa. Wadda aka ƙyale kuwa takan yi tsawo har gangar jikinta ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, abin da ba a gani a giginya ko dabino.

Aikin saƙar na masu haƙuri ne. Za a shanya kabar ta bushe, a tsaga ta siri-siri, a yayyafa mata ruwa don kada ta karye a hannu. Masaƙi yakan kitsa dogon zubi mai faɗin tafin hannu, sannan ya ɗinke gefe da gefe har tabarma ta fito. Jan launin da ake rina kabar da shi daga karan dafi ake samunsa, ko da yake rinin kanti ya kusa kore shi, kuma gwanaye na cewa rinin kantin bai kai na karan dafi zama ba.

A jihar Maraɗi ta Nijar, kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa yankin Mayahi na ciyar da gidaje masu yawa da wannan sana'a. A Masar ma goriba tsohuwa ce: an samu 'ya'yan goriba cikin kwanduna a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922.