Yadda Muka Tayar da Ɗakinmu na Free Fire Bayan Ya Kusa Mutuwa

Ranar da na tabbatar guruf ɗinmu ya kama hanyar mutuwa, na buɗe ɗaki da ƙarfe tara na dare, na tura lambar ɗakin da kalmar sirri a WhatsApp, na zauna ina kallon waya. Minti ashirin cur, mutum uku suka shigo. Ɗayansu ma yaro ne daga Kiyawa da ya ari wayar yayansa. Guruf ɗin da lokacin muna ND I sai ka yi sauri kafin ka samu gurbi.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, Free Fire wasan waya ne na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. Ana jefa mutum 50 a tsibiri ɗaya, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Ya karɓu a wajenmu saboda ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Saba kuwa, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ta kamfani ce, ba mu da iko da ita. Namu shi ne ɗaki na musamman da ake buɗewa da kati, sai guruf ɗin da muke kiran juna a ciki.

Dalilan watsewa ba ɓoyayyu ba ne. SIWES ya kwashe mu wata huɗu, wasu suka koma Jahun, wasu Birnin Kudu, wasu Gwaram. Ana cikin haka wuta ta ɗauke a yawancin Arewa a Oktoban 2024, sama da mako guda, wanda ya samu caji ba zai ƙarar da shi a harbin mutanen tsibiri ba. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, data ta zama abin lissafi. Duk gaskiya ne. Amma wuta ta dawo, mun dawo makaranta, ɗakin bai dawo ba.

Na daɗe kafin na gane dalili. Irin wannan wasa kamar kasuwar ƙauye yake. Kasuwar Shuwarin tana cika ne don kowa ya san ranar da take ci. Da a ce kowa ranar da ya ga dama yake zuwa, da kowa zai tarar da rumfuna wayam, ya koma gida ya ce kasuwa ta mutu. Haka muka yi wa kanmu. Mutum ashirin ne ke leƙowa a yini, wannan da rana, wancan bayan magariba, wani ƙarfe ɗaya na dare. Kowa ya tarar ba kowa, ya fita, gobe bai ma leƙo ba. Mutanen suna nan, lokacin ne ya rarrabu.

Kafin mu gane haka sai da muka tafka kuskure. Muka yi karo-karo muka sa gasa, kyautar katin waya. Ranar kam an cika, har da waɗanda ba mu taɓa ji ba. Aka tashi da rigima, ana zargin wanda ya ci da amfani da manhajar maguɗi, washegari ɗaki ya koma gidan jiya. Wanda kati ya kawo, kati ya zo nema, ba ku ba.

Abin da ya yi aiki ragewa ne. Muka daina buɗe ɗaki kullum, muka tsayar da dare biyu, Juma'a da Asabar, ƙarfe tara bayan isha'i. Muka bar babban tsibiri muka koma Clash Squad, huɗu da huɗu. Mutum takwas a ɗakin 50 abin tausayi ne, mutum takwas a huɗu da huɗu kuwa ɗaki ya cika, har na tara yana jiran layi. Wallahi wannan jiran layin ya fi kowace talla. Sannan na daina tura “ina 'yan wasa?” a guruf, don ba wanda ke jin da shi ake. Na koma kiran mutum ɗaya-ɗaya: “Mutumina, saura kai mu cika.” Da wuya a ce maka a'a.

Inda aka sha daru shi ne maganar sabbin shiga. Tsofaffin hannu sun saba haɗa kansu gefe ɗaya, su yi wa 'yan ND I kaca-kaca, su bi su da dariya a murya. Yaro ya sa datarsa, an kashe shi cikin daƙiƙa goma, an kuma zage shi. Me zai dawo yi? Na kawo shawarar a riƙa raba gwanaye, kowane ɓangare ya ɗauki sabo ɗaya, a kuma hana zagin iyaye da sa kuɗi a kan wasa. Wasu suka ce na mayar da wasa makarantar allo.

A nan na ari dabarar wani tsohon wasan kwamfuta, RuneScape, na kamfanin Jagex a Ingila. A 2013 suka dawo da tsohon samfurinsa na 2007 bayan 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a. Da ɗokin farko ya wuce jama'a suka ragu, abin da ya taimaka wajen riƙe su shi ne sai an tambaye su kafin a ƙara sabon abu, kuma a lokacin sai kashi 75 sun yarda. Mu ma muka sa ƙuri'a a WhatsApp. Dokar ta wuce, gwanaye biyu suka yi fushi suka fita. Ɗaya ya dawo bayan sati uku, bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Yanzu yawancin dare ɗaki biyu muke buɗewa. Damuwata ita ce duk admin ɗin 'yan ND II ne, kuma saura mana 'yan watanni, ni ga furojet a wuya. Shi ya sa tun yanzu muka ba 'yan ND I biyu admin, su ke buɗe ɗakin Asabar, mu shiga kamar kowa. Sun riga sun kawo tasu dokar, wai a rufe ɗaki sati biyu kafin jarrabawa. An sa ƙuri'a, ni na ƙi, suka kayar da ni.